Tsagar da Inji Ya Goge

Karatuna na boko ya tsaya ne ranar da malam ya ce a zana kifi, na zana masa tarwaɗa har da gashin baki. Saboda haka in ana maganar hoto, a ba ni wuri, fannina ne.

Mai ɗakina ta rasu bayan yankan shinkafar bara. Babarbariya ce, ni kuwa Bafulatanin da shanu suka gudu suka bar shi da gona a fadamar Auyo. Duk zamanmu ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko 'ya'yanta suka ɗaga waya sai ta ja mayafi. Hoto guda ɗaya ne ya kama ta, a sunan jikanmu, tana can gefe da ludayi a hannu, ta waiwayo za ta yi wa wani faɗa. Hoton ya bi wayoyin dangi har ya iso tawa.

Idona ya fara yana, ga shi fuskarta a wayar ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Sai na hau babur zuwa Haɗeja, wurin wani mai tumbi da ke buga hotunan biki. Na ce ya yanko mini ita kaɗai, ya buga ta da faɗin tabarma.

Ya ja fuskar a allon kwamfuta, ya ja, sai ta farfashe ta zama ƙananan tubala.

"Baba, ɗigon hoton ne bai kai ba," in ji shi. "Mudun shinkafa yana rufe faifai. Ka baza shi a tabarma, sai ka ga ƙasa. Kuma kowace waya da ya bi ta rage wani abu."

"Wato dillalai sun taɓa ta a hanya."

"Kusan haka. Amma akwai injin da ke cike gurbi."

Ya danna, muka jira. Sai ga wata mace sumul, fara tas, irin ta kwalin sabulu.

"Rufe, ɗana. Kada a ce na zo gari kallon matan mutane."

"Mama ce fa, Baba."

"Mamar wa?"

Ashe injin ya ga tsagar Barebari a kumatunta, ya ɗauka ƙarzuwa ce, ya share mata. Tsagar da na ƙare rayuwata ina tsokana. Nakan ce da damina zan shuka gero a kunyoyin fuskarta, ita kuma ta ce Bafulatanin da ba shi da ko akuya ba ya sa baki a maganar manya.

Mai shagon ya ɗauko wani alƙalami da ke rubutu a kan allo, ya ce in nuna masa, zai mayar da layukan tsagar da hannu. Na riƙa jan yatsa a kuncina, yana bi. Sun fara zama. Har na ce ya rage kaurin wata, ya rage.

Akwai guda kusa da kunne da ta karkace. Takan ce atishawa ta yi a hannun wanzami tana jaririya.

"Dama ko hagu, Baba?"

Na runtse ido, na zaunar da ita a bakin murhu, na sa ta a kwalekwale tana riƙe da ƙwarya za mu haye zuwa garinsu, na tsayar da ita a ƙofar ɗaki tana jiran in gama ƙarya. Duk inda na ajiye ta, karkatacciyar tana nan, amma ta ƙi tsayawa a kunci ɗaya. Mai shagon ya yi kamar yana gyara waya a bayan tebur, ya daɗe a can.

Na ce ya bar zanen. Ya koma kan hoton asali, ya buga shi iya inda ɗigon ya kai. Ya fito kamar kwalin ashana, dishi-dishi, amma ita ce, da ludayinta da faɗan da ba ta ƙarasa ba.

Yanzu sai na kawo shi dab da hancina nake ganin ta. Da tana raye, da ta ture ni ta ce yara suna kallo. Kunci ɗaya ne ya fito, rabinsa a inuwar mayafi. Wata rana in ga kamar karkatacciyar ce a wurin, wata rana in ga inuwa ce kawai. Kullum bayan la'asar, kafin haske ya ragu, ina ƙara dubawa.