Kawu Mai Fanka Ya Ɗaukaka Ƙara

Kawuna gyaran fanka yake yi, a wata rumfa da ba ta fi faɗin tabarma biyu ba. Mutane kan ajiye masa kayansu su tafi, ba rasit, ba shaida. In ya gama gyara, shi da kansa yake saɓa fankar a kafaɗa ya kai wa mai ita gida.

Wata yamma aka fasa wani shago. Ɗan sandan da ke tsayuwa a mahaɗar titinmu ya rantse ya ga ɓarawon yana gudu da fanka a kafaɗa, kuma kawu ne. Aka bincike rumfar, mai shago ya nuna wata irin tasa. Aka ɗaure kawu wata shida.

Kafin a saurari ƙarar da ya ɗaukaka, har ya gama zamansa ya fito. Mahaifiyata ta ce, "Yaya, ka fito lafiya, me kuma kake nema a kotu?"

Ya nuna mata rumfar, wayam. "Tun da na dawo, kin ga wanda ya kawo min ko da waya ce in haɗa? Jikina ne kawai ya fito."

Haka ya riƙa goge rigarsa yana zuwa, ana ɗage zama yana komawa. Ni mai rakiya zuciyata a kusa take, shi kuwa har masinja yake gaisarwa.

A ƙarshe lauyansa ya nuna wa alƙalai cewa ɗan sandan ƙeyar mutum kawai ya hango, daga nesa. Shekara da shekaru kawu yana wuce shi da fanka a kafaɗa, har idonsa ya saba: duk mai ɗauke da fanka, kawu ne. Aka soke hukuncin.

Bayan mako guda ina rumfar, sai ga ɗan sandan cikin kayan gida, rungume da fankar ɗakinsa. Na miƙe, bakina cike da magana. Kawu bai ko dube ni ba. Ya juya fikafikan da yatsa, ya kasa kunne.

"Ajiye ta nan, ɗana. Zan kawo maka gida."

Mutumin ya ajiye, ya kasa ɗaga kai. Har yau mamakin kawu nake yi. Washegari da yamma ya saɓa ta a kafaɗa, ya bi ta mahaɗar nan, a hankali, kowa yana kallo.