Sawun Igiya a Bakin Rijiya

Jiya na tsaya shan ruwa a wata rijiyar siminti, na shafa bakinta na ji sumul, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Shekarar da aka turo ni koyarwa a lakwal ɗin Bambeye, wato makarantar boko, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, darasin tarihi ya gagare ni. Da na fara jero sunayen sarakuna, sai yara su kama hamma. Sufeton makarantu ya ce in ya dawo ya tarar da haka, a bakin aikina. Na kai kuka wurin Kawu, wanda haƙar rijiya ce sana'arsa.

Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, ko ni barci za ni yi. Kawo min su gobe."

Ya kai mu tsohuwar rijiyar gari. Itacen bakinta ya yi baƙi, yana warin danshi, igiya ta ci shi layi-layi. Ya sa kowane yaro ya zura yatsa cikin sawun. Haka yake, ba ya ba da labarin abu sai ya sa ka taɓa shi.

Ya nuna wani sawu ya ce, "Wanga mai zurhi, shekarar da damana ta ƙi, Buzaye sunka gangaro da raƙumansu, anka yi ta ja ba hutu. Ku tahi ku tambayi kakanninku ina suke rannan."

Washegari kowa ya zo da labarin gidansu, har na kasa sa su yin shiru.

Allah ya sanyaya kabarinka, Kawu, kamar ruwan rijiyoyin da ka haƙa.