Amshin da Na Ƙi Yi a Sabon Gari

Da asubar fari muka tashi daga Wusasa ranar Asabar da ta wuce, ni da gwaggona da wani kawunmu, muka nufi Kano. Masu cewa na je shan iska, ku yi haƙuri, biko muka je. Matar yayana, Rahila, ta kwashe kayanta tun bara, da ta gano yana da wata a waje har ya kama mata ɗaki. Dangi suka ce a je a dawo da ita, aka cusa ni a tafiyar don an san tsakaninmu: shekara da shekaru muna waƙa tare a coci, ita ta ja baiti, ni in yi amshi. Gogan kuwa, wato yayan nawa, ya ce aiki ya riƙe shi.

Hanya ba laifi, sai dai direbanmu ya ɗauka fasinja buhunan masara ne. A Kwanar Ɗangora kawu ya sayi rake ya yi ta tauna har Kura, ko tayi babu.

Gwaggo ta dage ba a zuwa biko hannu rabbana, don haka muka fara sauka a Kantin Kwari. Wanda bai taɓa shiga Kwari ba, ya riƙe jakarsa da numfashinsa. 'Yan dako na ta "hanya, hanya" da dila a ka, kuɗin atamfa kuwa ya hau ya ƙi saukowa. Gwaggo ta yi ciniki har mai shagon ya ce, Hajiya, ki ɗauka don Allah in huta. Ba ta gyara masa Hajiyar ba tunda an yi ragi. Daga nan adaidaita ta bi da mu ta Bata, inda cunkoso ya gasa mu sosai kafin mu shiga Sabon Gari.

Ɗaki guda Rahila ta kama a gidan wata dattijuwa Ibo, keken ɗinkinta a bakin ƙofa. Ta yi ƙiba, ta yi haske. Wallahi sai na ji wani iri, don a gidanmu ban taɓa ganin ta haka ba. Ta kawo mana sakwara da miyar agushi, muka ci muka yi nak, sannan gwaggo ta buɗe bakin magana: haƙuri, aure, abin da mutane za su ce. Da gwaggo ta ga maganar ba ta ci, sai ta sauka ta durƙusa. Rahila ta yi maza ta durƙusa ita ma.

"Gwaggo, ki tashi don Allah. Ba ke kika yi mini laifi ba. Mai laifin yana ina?"

Kawu ya ɗaga kai yana kallon fanka.

Rahila ta ce tana da ɗaukar waƙa da rana, mu raka ta in ba mu gaji ba. Situdiyon wani ɗan ɗaki ne a saman shagon kayan mota, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai, janareta na ruri a ƙasa. Waƙar tata ce, da Hausa, amma irin mai nauyin nan ta baƙaƙen Amurka da ke fitowa daga ƙirji, fiyano na bin ta a hankali. Ba zagi a ciki, ko sunansa babu. Mace ce ke faɗin yadda ta koyi biyan haya da kanta, ta koyi barci ba tare da jiran ƙarar ƙofa ba.

Mai yi mata amshi ba ta zo ba. Rahila ta juyo ta miƙo mini abin sawa a kunne.

"Ƙanwata, layi ɗaya ne: na tashi da ƙafata, ba zan koma ba. Zo ki riƙe mini."

Na dubi gwaggo, gwaggo ta zuba mini ido. Sai na ji bakina na cewa maƙogwarona na ciwo. Rahila ta san muryata fiye da kowa a duniya, ta san lafiyata ƙalau. Ta sa mai na'urar ya ɗauki muryarta sau biyu, ta ja baitin, ta amsa wa kanta. Ya yi daɗi ƙwarai, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Kafin la'asar muka kama hanya. Da muka iso na tarar da yayana a ƙofar gida yana danna waya, ya ce yaya, ta sauko? Na ce a'a. Ya ce za ta gaji ne, ya ci gaba da dannawa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, auren ya riga ya mutu tun kafin mu shiga mota, ba abin da zuwanmu zai tayar. Abin da ya rage da rai shi ne zumuncin da ke tsakanina da Rahila, kuma shi na je na kashe da bakina. Na kira ta jiya, ta ɗauka, ta gaishe ni da kyau, ta tambayi gwaggo da mutanen gida, kamar yadda ake gaida baƙo.