Ruwa Zalla a Motar Shekari

Duk ɗan Arewan da ya zauna a Greensboro ya san Malam Husaini bakanike, ko ya san garejinsa, wata 'yar rumfar bulo a East Greensboro tsakanin coci da shagon aski. A Panteka ta Kaduna ya koyi aiki, a hannun ogan da ba ya bayani sai da ranƙwashi. Da ya zo Amurka ya yi wankin kwanuka, ya yi dako a sito, har Allah ya sa ya kama rumfar nan. Hannu kam yana da shi, ba a magana. Aibinsa ɗaya ne, kuma har matarsa ta gaji da faɗa masa: Husaini ba ya iya buɗe baki ya ce abu ya dame shi. Sai murmushi da "ba komai", ya koma gefe ya yi ta cin kansa.

Babban amininsa shi ne Shekari, mutumin Zonkwa, Kirista, direban bas ɗin makaranta, kuma mayen mota na ƙin ƙari. Yana da wata tsohuwar mota mai turbo da yake lallaɓawa kamar jaririya. Shi turbo aikinsa ya cusa iska cikin inji da ƙarfi. Iskar takan yi zafi, in zafin ya yi yawa sai mai ya kama wuta kafin lokacinsa, ya daki fistan. Su biyun suka zauna suka haɗa mata maganin wannan: ƙaramin tanki a but ɗin bayan motar, da famfo, da siririn tiyo mai fesa ruwa kamar raɓa cikin iskar don ta huce. Daga nan suka ƙara wa turbon ƙarfi, suka saita injin ya dogara kacokan da feshin. Abin da ake zubawa a tankin kuwa, rabi ruwan batir ne, rabi metanol. Metanol ɗin yana ƙara sanyi, kuma shi ke hana ruwan daskarewa.

To, a nan gizo ke saƙar. Metanol dangin barasa ne, haka aka rubuta a jikin gorar. Husaini kuwa da kayan aikinsa yake salla a lungun gareji, kuma tun yana yaro ya ji an ce barasa najasa ce. Bai taɓa cewa uffan ba. Shekari ne ya lura duk sa'ad da aka buɗe gorar sai mutumin ya ja da baya yana neman sifana da ba ta ɓata ba.

"Matsa can, Oga, kada in lalata maka alwala," in ji Shekari yana dariya. Tun daga ranar shi ke haɗa ruwan da kansa, maganar ba ta sake tashi ba.

Da bazara ciwon zuciya ya ɗauke Shekari farat ɗaya. Matarsa Dinatu, nas ce, suna zaune a unguwar Sedgefield. Mutane suka yi ta ba ta shawara ta sayar da motar, ta ce ko kusa. Tana da tata ƙarama ta zuwa aiki, ta Shekari kuwa ranar Lahadi take fito da ita ta je coci. Ba da daɗewa ba ta kawo ta gareji.

"Baban Salwa, kai ka san ta," ta ce. "Yadda yake yi mata, haka za ka yi mata. Ita kaɗai ta rage mini da nake shiga in ji kamar yana nan."

"Ba komai, Maman Justin."

Da ta shiga ofishin garejin ta zauna, ya buɗe but ya tarar tanki ya kusa ƙarewa. Ga gorar metanol a kan kanta inda Shekari ya bar ta. Azahar ta gabato. Ya dubi gorar, ya dubi ƙofar ofis. Ya ce wa matar da ke cikin makoki ta taso ta zuba wa mota ruwa, alhali shi ne bakaniken? Ina, bakinsa ba zai iya ba. Sai ya cika tankin da ruwan batir zalla, ya ce wa ransa ai ruwa ma yana sanyayawa, kuma gaskiya ne, da zafi motar ta yi ta tafiya lafiya lau. Ya ce zai tambayi liman. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, kunya ta hana shi, wai kada a ce ƙaton mutum mai furfura bai san wannan ba. Abin haushin, shi ne fa mai bin 'yan'uwa yana cewa su duba lagireto kafin sanyi, kada ruwan ciki ya daskare. Amma can cikin kansa na ɗan Kaduna, ruwan da ke cikin tanki a but ruwa ne kawai, ba ya zama ƙanƙara.

Wata Lahadi a Janairu gari ya waye da sanyi mai fasa leɓe. Dinatu ta hau babbar hanya, ga tirela tafe a bayanta, ta taka totur don ta ba ta tazara. Turbo ya cusa iska, famfo ya nemi ruwa bai samu ba. Injin ya yi ƙara kamar ana dukan tukunya, hayaƙi ya turnuƙe, da ƙyar ta gangara gefe.

Husaini ya iso da janwe ya same ta tsaye cikin kayan coci tana rawar ɗari. Ya zagaya ya ɗaga but, ya taɓa tankin, ya ji shi kamar dutse, ruwan ya daskare. Ya yi maza ya rufe.

"Tsufa ne, ko?" ta ce. "Kada ka damu, ka yi iya ƙoƙarinka."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da ya shige. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya sunkuyar da kai yana ɗaura sarƙa.

Da ya kwance injin ya ga fistan sun narke, gangar jikin injin ta tsage, ba abin da za a ɗora. Abinci ya ƙi shiga. Ranar Juma'a ya tare liman bayan salla, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da tambayar, ko barasar nan ta metanol najasa ce.

"Shan ta ake yi?" in ji liman.

"A'a, Malam. Guba ce, makanta take sawa."

"To ka zuba wa mota, ka wanke hannunka. Shi ke nan?"

Shi ke nan. Tambayar da ya yi watanni yana ɗauke da ita ba ta kai tsawon sa takalmi ba.

Da la'asar ya nufi Sedgefield. Dinatu ta ba shi kujera, ya ƙi, ya tsaya bakin ƙofa da hula a hannu ya faɗa mata komai, idonsa a kan tabarmar shiga. 

"Baban Salwa, kai ka ɗauki akwatin gawarsa a kafaɗarka," ta ce a hankali. "Amma ka kasa ce mini zo ki zuba?"

"Nauyinki na ji."

"Nauyi." Ta goge ido da bakin gyale. "Tun da ya tafi ba wanda ya bar ni in yi masa komai. Abinci a dafa mini, kayansa a kwashe mini, kowa sai ki zauna, ki huta. Da ka miƙo mini gorar nan, da murna zan zuba."

Husaini ya buɗe baki, "ba komai" ɗin nan nasa ya taso har maƙogwaro, ya haɗiye shi.

"Ka kai motar inda ake kai su," ta ce. "Kada ka gaya mini ranar."

Ya kai ta ranar Talata da safe, shi kaɗai. Mai filin matattun motoci ya tambaye shi ko akwai abin da zai cire kafin a matse ta, ya girgiza kai. Har yau in sun haɗu a taron 'yan gida Dinatu takan gaishe shi, ta tambayi Salwa da mamanta, shi kuwa bai ƙara iya haɗa ido da ita ba.