Sulhun Uwani a Bayan Kicin

Shekara talatin Uwani tana girki a wani gida a Nassarawa GRA, kuma ba ta taɓa neman aikin sulhu ba. Ragowar abinci take miƙa wa samarin unguwa ta ƙaramar ƙofa, daga nan 'yan daba suka fara kawo mata ƙarar juna. Ba ta yi musu wa'azi. Zagi ne, sai shinkafa.

Bana Auwalu, ɗan Musa direban gidan, ya sari wani Ɗanlami na Tudun Murtala a kafaɗa, a kan musun ƙwallo. Abokan Ɗanlami suka rantse sai sun rama. Sati uku Auwalu yana ɓoye a ɗakin janareta, uwarsa na Badawa, ko gaishe ta ba ya iya zuwa. Uwani ta yi ta jele a adaidaita har Yahaya, babban su Ɗanlami, ya yarda zai zo da mutum biyar.

Sai Salwa, 'yar masu gidan, ta ji labari, ta ce ita za ta tsara taron. Ta sa aka jera kujeru a lambu, kowa da abincinsa a roba mai murfi. Har da mai hoto.

Yahaya ya ga kyamara, ya ja ya tsaya a bakin ƙofa.

"Iya, tarko kika ɗana mana?"

"Da tarko ne, da ka kai nan, shashasha?"

Ta juya wajen Salwa. "Hajiya ƙarama, rabin yaran nan, 'yan sanda na nemansu. Hoton wa za a ɗauka?"

"Don tarihi ne, Iya."

"Sallame shi. Kuma wa ya ce miki ana shiryawa kowa da kwanonsa?"

Ta juye robobin nan kaf a babban faranti, ta dire shi kan tabarma a bayan kicin, ta janyo Auwalu da kunne. Yahaya ya ce ba ya jin yunwa.

"Ban tambaye ka yunwa ba."

Ya sa hannu. Ɗanlami ya ƙi. Ya ce uwarsa ce ta yi jinyarsa, sai Auwalu ya je har ɗakinta ya durƙusa, da rana, a ƙafa, ta tsakiyar unguwarsu. Musa ya ce ba za a kai masa ɗa mahallaka ba.

"Malam Musa, to riƙe shi a ɗakin janareta har ya yi furfura."

Ta yafa mayafi ta shige gaba, gwiwa na ciwo, tana tsaki, Auwalu na biye da ita. Uwar Ɗanlami ta bar shi a durƙushe har aka kira la'asar, sannan ta ce ya tashi, Allah ya shirya.

Ranar a Badawa Auwalu ya kwana, wajen uwarsa. Ita kuwa Uwani da ta dawo, faɗa ta sha wajen uwargida, don masu gida ba su sami abincin rana ba.