Gwangwanayen Rijiyoyina

Shekarar da aka kawo wasan ƙwallon Afirka nan Garwa, a ita na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da furfura a gemu. A ita kuma 'yata ta fari ta dawo daga jami'a da takardar ilimin ƙasa da duwatsu. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata.

Haƙar rijiya ce sana'ata. Yadda maigidana ya koya mini, duk zurfin gaba guda da na nutsa sai in ɗebi ƙasar wurin in zuba a gwangwanin tumatir. In na kai ruwa, in jera gwangwanayen a igiya, in yi ƙulli iri na musamman a bakinta. Ƙullin ne sunan ƙauyen. Igiya arba'in da ɗaya na rataye a ɗakin ajiya.

Uwata ta yi wata bakwai tana neman aiki. Ta ce mini ƙofar man fetur da ta ma'adinai a cushe suke, wasu abokan karatunta ma babur suke haya. Inda ake ɗan ɗauka shi ne wajen masu haƙar foraj, wato rijiyar burtsatse, don ƙauyuka na neman ruwa. Wani kamfani ya karɓe su gwajin wata uku, su huɗu, mutum ɗaya za a riƙe.

Wata rana ta shigo ɗakin ajiya neman tabarma, ta tsaya tana kallon igiyoyin.

"Baba, wannan fa?"

"Rijiyoyina ne."

Ta buɗe gwangwani bayan gwangwani, tana murza ƙasar a yatsa, tana dariya ita kaɗai. Ta ce abin da suke kashe kwanaki suna nema da na'ura ke nan: inda yashi ya ƙare, inda yumɓu ya fara, inda dutse ya tare hanya. Ta ce za ta kawo injiniyansu ya gani ran Asabar.

Ni kuwa lokacin na iya haɗa baƙaƙe, kuma kunyar ƙulli ta kama ni. Na ce mai ilimi ba zai zo ya tarar da aikin jahili ba. Kwana uku ina rubuta sunan kowane ƙauye da alli a gwangwanin farko, ina yanke ƙullin ina yarwa.

Ran Asabar da safe na je sayo nama. Na dawo na iske maiɗakina da tsumma da bokiti, tana goge gwangwanaye.

"Baƙo zai zo, Malam, ka bar su duk farar ƙura?"

Na igiya sha huɗu ta riga ta wanke tas, har da rubutun allin. Na zauna a bakin ƙofa, dariya ta ƙwace mini. Ta ce, "To wa ya aike ka? Shekara ashirin ina share ɗakin nan, ƙulli bai taɓa gogewa ba."

Da injiniyan ya zo, Uwata ta shimfiɗa sauran a tsakar gida, tana karanta rubutuna da ƙarfi, har inda na juya baƙi baya. Waɗanda aka goge, na riƙa sansana ƙasar ina ɗanɗanawa, na gane biyar. Mutumin ya tsuguna har azahar yana tambaya, ita tana mayar masa da Faransanci, tana zana taswira. Wata guda bayan haka suka haƙa a wajen Pitowa, a inda ta nuna, ruwa ya fito. Ita aka riƙe.

Yanzu da fenti nake rubutu, kuma na mayar da ƙullin. Abin da ya tafi: ƙulli arba'in da ɗaya na asali, alli rabin kwali, da rijiya tara da har yau ban san ta wane ƙauye ba ce.