Matakalar Inna

Baba Sufana bakanike ne, kuma gara a faɗa tun yanzu, taurin kansa ya fi ƙarfen da yake kwancewa. Tun yana yaro mai wanke noti a gareji har furfura ta cika masa kai, dokarsa ɗaya ce: mota a mayar da ita yadda maƙeranta suka yi ta, ba ƙari ba ragi. Masu son a huda musu bodi a liƙa fitilu da tarkace sun sha kora a wurinsa.

Da ya bar wa ɗansa garejin, maimakon ya huta, sai ya jawo wata tsohuwar jif daga wurin 'yan gwangwan, har kaji sun yi ƙwai a kujerarta. Aka yi ta dariya, shi kuwa ya san dalilinsa. Matarsa, Inna, yayarta ɗaya ce ta rage a duniya, tana ƙauyensu can bisa duwatsu. Hanya ta zaizaye, ƙaramar mota ba ta hawa, ciwon gwiwa kuma ya hana Inna hawan babur. Ya yi mata alkawari shi zai kai ta.

Aikin ya ci lokaci. Ya kankare tsatsa, ya wanke kabireta da fetur a cikin kwanon Inna, ya sha faɗa. Noti ɗaya in ba irin na asali ba ne, sai ya zaga kasuwa kaf. Inna kan ce kafin akwalar nan ta tashi ita ta kwanta dama. Wasa take yi, amma da aka aiko cewa jikin yayar ya yi rauni, sai ta daina wasan.

Ranar da jif ta tashi, wallahi abin a yaba ne. Injin na gurnani a hankali, fenti na ƙyalli, makanikan layin suka zo suna shafawa. Inna ta fito da jakarta, ta ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi kaiwa. Motar ta yi mata tsayi. Aka sa mata kujera ta taka, kujerar ta yi tangal-tangal. Ɗansu ya ce zai ɗauke ta, ta ce ita ba buhu ba ce.

"Bari kawai, Malam," ta ce. "Ka kai mata gaisuwata."

Baba ya tsaya yana kallon fentinsa, ransa ya sosu ƙwarai. Can ya shiga gareji ya jawo injin walda. Mutumin da bai taɓa yarda a huda bodi ba, shi ya huda nasa, ya ɗora matakala biyu da mariƙi na guntun bututu. Fenti ya ƙone ya yi baƙi, abin ba kyan gani.

Inna ta taka, ta kama, ta zauna. Ta leƙo ta dubi tabon.

"Ka ɓata motarka."

"Yanzu na gama ta," ya ce. "Riƙe da kyau, Yaya na jira."